Harajin Ƙafa

A wani daji da ya cika har ya fara tumbatsa, hanya ɗaya ce tak ke zuwa kasuwar Bakin Tafki. Da can ta ishi kowa. Amma da dabbobi suka yi ta ƙaura suna tarewa a gefen dajin, sai ta koma ramuka da taɓo, ga cunkoso tun hantsi har la'asar.

Gwaggo Ƙadandoniya, wadda Allah ya hore wa ƙafafu fiye da yadda ita kanta ta sani, kullum tana bin hanyar da tallan daddawa. Ita ta fi kowa matsa wa majalisa a yi gyara, don haka ranar taro a sahun gaba ta zauna.

Toron Giwa, shugaban majalisa, ya gyara murya. "Jama'a, gyara sai da abin gyara, baitulmali kuwa wayam. Mun zauna mun yi nazari, mun gano cewa ƙafa ce ke cinye hanya. Saboda haka kowace ƙafa za ta biya ƙwayar gero ɗaya a shingen da za mu kafa a hanya. Ni da nake shugaba huɗu zan biya, Ɓera ma huɗu. Wa ya taɓa ganin adalci irin wannan?"

Aka ɗauki tafi. Gwaggo ma ta fara, sai ta dubi abin da take tafin da shi, ta tsaya.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ni fa ko kan toka na bi, da ƙyar a ga sawuna."

"Gwaggo, doka ba ruwanta da nauyi, ƙafa ta sani. A zauna."

Washegari Zalɓe ya iso shinge a kan ƙafa ɗaya, ya rantse haka aka haife shi. Biri mai karɓar haraji ya bar shi ya wuce, ya durƙusa kan Gwaggo. Ya ƙirga har tsakiya, ta yi atishawa, lissafi ya rikice, ya koma farko. Kafin ya gama kasuwa ta watse. Da ya faɗi abin da za ta biya kuwa, daddawar duka ba ta fanshi ɓarin hagu ba.

Ana cikin haka Mesa, wadda ba ta da ƙafa ko ta rantsuwa, ta buɗe harkar sufuri. A hau bayanta a ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, ta sulale ta gaban Biri ba mai biyan komai. Majalisa ta yi bikin ƙaddamarwa, har da makaɗa.

Gwaggo ta zo hawa tare da maƙwabciyarta Gafiya mai sayar da gyaɗa. Mesa ta dube su da fara'a. "Masu jiki su matso gaba kusa da kai, nan ne ba girgiza. Gwaggo, ke koma can wutsiya, warin daddawa jiri yake sa ni."

Maganar ta yi wa Gwaggo ciwo, amma ta koma wutsiya. Da aka isa kasuwa ta duba ba Gafiya.

"Ranki ya daɗe, ina maƙwabciyata?"

"Ta sauka a hanya."

Da za a dawo, sai Gwaggo ta ga wani tudu a tsakiyar jikin Mesa wanda ba ta san da shi ba da safe, fasinjoji har suna rububin jingina. Kwana biyu Kwaɗo ma ya sauka a hanya, bayansa Ɓera da iyalinsa. Gyaɗar Gafiya na nan a ƙofar raminta ba mai ɗauka.

Gwaggo ta tafi majalisa, ta faɗi abin da ta gani.

Toron Giwa ya kaɗa kunne. "Wannan zargi ne mai nauyi a kan mai yi wa jama'a hidima. Kin zo da shaidu?"

"Ranka ya daɗe, ai shaidun suna ciki."

"To in sun fito su zo da kansu."

Daga ranar Gwaggo ta haƙura da kasuwa, ta koma kasa daddawarta a ƙofar gida, duk wanda ya zo saye ta roƙe shi ya riƙa tafiya a ƙasa. Wasu suka ji, wasu suka ce baƙin ciki take yi don an kai ta wutsiya. Hanya dai ba a gyara ba, tunda geron shinge ya daina shigowa.

A taron ƙarshen shekara majalisa ta karrama Mesa. An shaida wa jama'a cewa cunkoso ya ragu ƙwarai, kuma a cikin masu zama gaba ba a samu ko ɗaya da ya dawo da ƙorafi ba.