Matajin da Na Tsinta a Baranda

Ba zan taɓa mantawa da matajin nan ba, ko da tsufa ya kwashe sauran. Lokacin da arzikin mai ya ɓarke ne gwamnatin jiharmu ta tura mu Landan koyon aikin nas, na faɗa wani asibiti a Camberwell. Ranar da abin ya faru ce Matiron, shugabarmu, za ta duba aikina. In na faɗi, sai gida.

Da safe na tsinci wani farin mataji a baranda, na jefa aljihu. Wajen shan shayi Nora, abokiyar aikina 'yar Ireland, ta hango shi, ta dire kofi.

"Tsinta kika yi? Wayyo! A ƙauyenmu a Mayo ba a ɗaukar mataji a ƙasa. Na banshi ne, tsohuwar aljana mai taje farin gashinta a bakin rafi. In ta yi kuka, wani zai mutu. Kuma tana biyo kayanta."

Na yi dariya, na ce ni Musulma ce. (Ni da ko gindin tsamiya ba na bi da tsakar rana.) Amma wallahi na rasa yadda zan yi da matajin. Yarwa tsoro, riƙewa tsoro.

Bayan azahar na shiga ɗakin ajiye zannuwan gado, sai na ji wani siririn nishi a bayana. Na waiga: tsohuwa cikin farar riga, furfura har gadon baya, ta miƙo min hannu. Jama'a, na saddaƙar! Na wurga mata matajin, na kwasa a guje ta tsakiyar majinyata ina ihun "Innalillahi! Ta zo! Ta zo!" Hula ta tashi, na yi karo da Matiron, takardar duba aikina a hannunta.

Ashe baiwar Allah sabuwar majinyaciya ce, ciwo ya ɗauke mata magana, banɗaki take nema.

A ofis na zayyana komai ina sheshsheƙa, ina jiran a ce in haɗa kayana. Matiron (ita ma 'yar Ireland ce, ba a taɓa ganin haƙorinta ba) ta dube ni, ta ce:

"Da hannunki kika ɗauka?"

"E, Matiron."

Ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta zari hantsaki, ta je da kanta ta ɗauke matajin da shi, ta cilla ta taga. Sannan ta sa min hannu a takardar cewa na ci, ta ce in je in ba tsohuwa haƙuri.

Tun ranar na daina yi wa aljanun mutane dariya. Namu na gida ban gama da su ba, na je na kwaso na Turawa.