Wofa Tuffour Mai Awon Shekaru

"Ni fa kallo ɗaya zan yi wa mutum in faɗi shekarunsa, har da watanni!" in ji Wofa Tuffour, wato Kawu Tuffour, yana bugun ƙirji. Ka san shi ai, tsohon mai yankan tikitin nan na tashar Ejisu, tulun ciki, sarkin cika baki.

Ranar Asabar ce, ana bikin binne tsohuwa Nana Dufie. Babbar 'yarta, Maame Afriyie, ta rantse duk wanda bai cika sha takwas ba, ba zai ɗanɗana giya a rumfarta ba. Tana da dalili: a makokin bara jikanta ya sha ya hau babur, har yau da sanda yake tafiya.

"Maame, kwantar da hankalinki, ki bar min ƙofa," in ji Tuffour. Ya gyara baƙin mayafinsa, ya tokare bakin rumfa kamar bijimin sa.

Na farkon zuwa wani ɗan tsurut ne, fuska sumul ba ko gashi. Tuffour ya shafa masa haɓa.

"Kai yaro, koma wurin uwarka ka sha koko."

"Ni ne yaron?"

"Sha huɗu da wata uku! Ɓace min!"

Ashe Boadu ne, surukin gidan, mai 'ya'ya biyar, wanda ya sayo giyar bikin gaba ɗaya. Ya kira direbansa suka fara kwashe akwatunan giyar. Sai da Maame ta durƙusa masa kafin ya bar rabi.

Gogan naka ko a jikinsa. "Gemu maƙaryaci ne," ya ce, "tsawo ne ba ya ƙarya." Ya samo sanda ya kafa, wai sai wanda ya zarce ta zai shiga. Nan take wasu tagwaye dogaye, 'yan aji biyu a sakandare, suka wuce suna sara masa. Tsofaffi uku da baya ya ranƙwafa kuwa suka tsaya a rana suna tsine masa.

"Tuffour, kana da ido kuwa?" Maame ta daka masa tsawa, tana janyo tagwayen da kunne. "Yaran nan akpeteshi, giyar nan mai zafi, suke ɗurawa a kwalaben lemo!"

"Yauwa! Daga yanzu kowace kwalba sai ta bi ta hancina."

To, hancin nan taba gari ta daɗe da kashe shi. Da ya shinshina bai ji komai ba, sai ya ce bari harshe ya taimaka. Kurɓi nan, kurɓi can. "Wannan lemo ne. Wannan... kawo in sake ji." Kafin ƙarfe uku ya binciki kwalba ashirin da bakwai, mayafi ya zame, ido ya yi jawur.

Kawai sai ya fizge lasifika daga hannun makaɗa.

"Jama'a! Giya annoba ce! Tana raba aure, tana cinye albashi, tana zubar da mutuncin dattijo!" Ya fashe da kuka. "Ita ta kashe mana Maame Afriyie! Wayyo Maame, kin tafi kin bar mu!"

"Ga ni nan zaune, ɗan banza!" in ji Maame.

Tuffour ya waiga ya gan ta, ya kurma ihu, "Fatalwa!" Ya zabura zai gudu, ya yi karo da tebur, ya nutsa kai cikin tukunyar miyar gyaɗa.

A baro aka ɗora shi, ƙafafu na reto. Ana cikin tura shi sai ga mahaifiyarsa, Nana Pokuaa, 'yar shekara tamanin da biyar, tana dogara sanda. Ta leƙa baron, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wurin Maame.

"Afriyie, shekara nawa kuka ce doka ta yanka?"

"Sha takwas, Nana."

"To ku aika wa gwamnati ta ƙara. Nawa yaron sittin da biyu gare shi, ga shi har yanzu bai isa ba."