Rasuwar Hajiya Rugugi a Wurin Gwajin Hayaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu fushi bai bar ta ta huce ba, Malam Uwaisu Hambali na Catford, ɗalibin aikin safiyo da gwamnati ta turo London, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Hajiya Rugugi. Ta cika ranar Talata da hantsi a wani garejin gwajin motoci, a gaban idonsa, kuma lafiyarta ƙalau.

Marigayiya haifaffiyar Amurka ce, ja, mai faɗin ƙirji, mai silinda takwas. Uwaisu ya ɗauke ta da tsufanta a 1975, ya sa mata ƙatuwar kafireta, ya cire salansa ya maƙala mata bututu tsirara don a riƙa jin muryarta. Aka kuwa ji. Da safe in an murza makulli sai ta yi gyaran murya, "kuhu, kuhu," sannan ta saki "gurrr, gudum, gudum" ɗin nan da ke sa tagogin layin rawa. Mai zumunci ce, ba ta taɓa wuce gidan mai ba ta tsaya an gaisa ba. Ta ɗauko baƙin Kano daga filin jirgi da akwatunansu, ta kai masu naƙuda asibiti, ranar Juma'a kuwa ta kan kwashi ƙartai bakwai zuwa masallacin Regent's Park ba ta yi ƙorafi ba.

Aibinta ɗaya, tana hayaƙi. To, sai me? A garin da kowa ke tafe da sigari a baki, ita kaɗai aka gani. Bana da aka kai ta gwajin shekara, mai gwajin, wani Bature mai suna Bernard, ya tsuguna a bayanta, ya yi tari kamar an shaƙe shi, ya hana ta takarda. Motar da ba takarda kuwa ba ta hawa titi.

Uwaisu ya danne zuciya ya kai ta wurin Jang, bakaniken Jos da ke Deptford. Jang ya mayar mata da salansa, ya sauya fulogi, ya rage mata mai har ta koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar suruki. Uwaisu ya ji zafin wannan wulaƙanci ƙwarai, amma hayaƙi ya ɗauke.

A makon ne yayarsa Shafa'atu, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta zo London ganin likitan ido. Da ta ji labari sai ta girgiza kai. "Ba inji ba ne, Uwaisu, kambun baka ne. Kowa ya gan ta sai ya tanka, ba mai cewa tubarkalla." Ranar komawa gwaji ta yi sammako, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta tofa addu'a, ta ajiye cikin but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, ta rufe. Ba ta gaya wa kowa ba. Uwaisu ya ji ƙamshi a hanya, ya ɗauka na mayafin Yaya ne ya kama rigarsa.

Bernard ya buɗe bonet, ya sa aka tayar da inji, ya zaga baya ya tsuguna. Bututu fes. Har ya zaro biro zai sa hannu, sai ga farin hayaƙi yana tuɗaɗowa ta gefen but. Uwaisu ya yi ihu, "Turare ne! Na rantse perfume ne, kada ka yi panic!" Ina! Mutumin da hancinsa bai iya bambanta sandal da gobara ba ya fizgo mesar ruwa, ya bi motar da ruwa tun daga baya har cikin kafireta, inji yana aiki. Marigayiya ta ce "gab!" sau ɗaya, ba ta ƙara cewa komai ba. Jang ya duba, ya ce sandar fistin ta karye ta huda inji, sai haƙuri.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu da safaya, da Jang, da masu gidajen man Catford waɗanda aka ce sun fi kowa kuka. Kasko ya fito ko ƙwarzane babu. Maƙwabciya Jane, mai cewa marigayiya na ɓata mata shanya, kada ta wahalar da kanta da zuwa gaisuwa. Bernard kuma an bar shi da Allah.

Za a ja gawa ranar Asabar bayan azahar zuwa wurin masu yankan gwangwani a Deptford. Masu rakiya su haɗu a tashar bas, tunda wadda ta saba kwasarsu ita za a kai. Daga nan za a dawo gida karɓar gaisuwa, inda Yaya Shafa'atu za ta zauna a tsakiya. Ita ma ta yi kuka sosai, kuma ta riga ta gaya wa kowa cewa laifinta ne, turaren ne ya yi kaɗan. Ana roƙon masu zuwa, don Allah, kada wanda ya gyara mata zance. Uwaisu da kansa ya amsa mata, "Haka ne, Yaya."