'Yar Ƙonni Ta Rasu a Buhun Goro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta da niyyar hucewa, ni Maharazu, ɗalibin ajin ƙarshe a jami'a, nake sanar da rasuwar kwamfutata, 'Yar Ƙonni, a nan gidanmu na Illela.

Na ɗauko marigayiya a kasuwar Ƙonni tana bazawara, haruffan madannanta a jere irin na Faransanci, amma ba ta taɓa yi mini gori ba. A kanta na koyi yadda kwamfutoci ke miƙa wa juna saƙo, da yadda saƙo ke neman wata hanya in ta farko ta toshe. A cikinta kuma aikina na kammala karatu yake, manhajar da ke haɗa na'urorin rumfunan kasuwa, wadda zan kare ranar Litinin. In aiki ya yi mata nauyi, abin da take cewa kawai shi ne "fuuu".

Ba ta yi jinya ba, kashe ta aka yi. Na bar ta tana gwada manhajar na tafi masallaci, sai yayana Maccido, mai sayar da goro, ya taɓa ta ya ji zafi. Shi a duniyarsa duk abin da ya ɗau zafi magani ɗaya gare shi. Ya naɗe ta cikin jiƙaƙƙen buhu, ya yayyafa mata ruwa, ya tura ta inuwa. Ta ce "ƙit", ta cika da aikin a cikinta. Har yau yana jiran in yi masa godiya. Ban yafe ba, kuma masu zuwa ba ni haƙuri su huta.

Ta bar caja ɗaya, da linzami mai ciwon wuya, da igiyoyin sadarwa marayu, da ni.

Ana zaman makoki a rumfar Maccido, goron sadaka daga kwandonsa. Ranar Litinin za a kai gawa Sakkwato a bayan babur, shi zai riƙe ta. Idan malamai suka zauna suka ce ɗalibi ya fito ya nuna aikinsa, ni zan koma kujerar baya. Maccido ne zai tashi ya yi musu bayani.