Rasuwar Baturiya, Rigar Sanyin Gidan Hajiya Rosmaniar

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Yusrizal, surukin gidan Hajiya Rosmaniar da ke Padang, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Baturiya, rigar sanyin ulu ta gidan, wadda ajali ya riska a birnin Prag, a hannunsa, ba tare da shaida ba.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a kafaɗar marigayi mijin Hajiya, lokacin da ya dawo karatu daga Holan. A garin da zufa ke jiƙa mutum tun bai gama shafa mai ba, ita kaɗai ce rigar sanyi a dangi kaf. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Turai sai ya je ya durƙusa ya roƙi aronta. Hajiya da kanta ke fito da ita daga kabad, tana ƙamshin kafur, shafinta na ciki na faɗin "shuu, shuu" kamar mai tsawatar wa yara. Ba ta taɓa ƙin kowa ba. Dogo ya sa, gajere ya naɗe hannu, mai tumbi ya bar maɓallai a buɗe. Ta ga Paris, ta ga Rum, ta dawo ko zare bai warware ba.

Ciwon ajalin tun daga gida ya faro. Yusrizal, kamar kowane ɗan Padang mai hankali, bai yarda zai rayu a kan burodi da cuku ba. Ya cika roba da naman rendang, wanda ake dafawa da kwakwa da barkono, kuma don kada ta fashe a jirgi, ya naɗe ta da abin da ya fi komai taushi a akwatin. Robar ba ta fashe ba kam, murfin ne ya buɗe. Man kwakwa da barkono suka ratsa marigayiyar daga wuya har aljihu.

Da ya bar ta haka, da an yi faɗa an gama. Sai ya kai ta shagon injinan wanki, ya tarar da rubutun da bai iya karantawa ba, ya tuna cewa da ruwan zafi matarsa ke cire maiƙo, ya danna maɓallin da ya fi ja. Garin neman gira aka rasa ido. Man ya fita tas. Rigar da ke sauka har gwiwar namiji ta fito da ƙyar ta shigi ɗan yaye, ta yi tauri kamar ganda.

Ta rasu ta bar hular ulu, da safar hannu wari guda, da dangi masu jiran layin aro. Ta kuma bar Yusrizal, wanda kowa ya san, bisa al'adar garinsu, a ɗakin matarsa yake kwana, a gidan uwar matarsa, a kan filin kakar matarsa, kuma abin da ya mallaka a wurin bai wuce takalmansa da babur ba.

Ya so ɓoye mutuwar, hotuna suka tona masa asiri: ga shi a kan gada, leɓe ya bushe, ya jibga 'yan riguna masu gajeren hannu a kan juna. Sai ga wayar Hajiya.

"Ɗana, ka ci abinci?"

"Na ci, Amak," in ji shi, wato Inna da yarensu.

"Madalla. Na ga garin naku ya yi ɗumi, har an ajiye riga."

"E, rana ce ta fito, Amak," in ji shi, haƙora na karo da juna.

"To, Allah ya dawo da ku lafiya. Ku biyun."

Ta kashe wayar. Waɗanda suka san Hajiya sun san gara ta yi ihu.

Gawar za ta iso ranar Asabar, naɗe cikin tawul, a ƙarƙashin cakulan ɗin tsaraba. Za a buɗe akwatin bayan la'asar a tsakiyar falo, a gaban gwaggonni da 'ya'yansu kamar yadda aka saba rabon tsaraba, kuma Hajiya ce mai zuge zif. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tare ƙofa. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma kyautata makwancin wanda ya rage, domin matarsa Nelwati ta riga ta turo masa saƙo:

"Uda, maigidana, ka kwantar da hankalinka, Amak ba ta yi faɗa ba. Ta dai aika wa mai gadin masallaci sabuwar tabarma da filo, ta ce yana da baƙo ranar Asabar."