Yadda Za Ka Zama Gwanin Fasahar Zamani da Kwanukan Maƙwabta

Kai da hannunka bai iya zana ko kaza ba, amma ranka na son a kira ka mai fasaha, matso kusa. In ka bi matakan nan yadda suke, na yi maka alkawari sunanka zai shiga bakin matan gari guda. An gwada su a kan Tahiru na Cadakori, kuma har yau ba a daina zancensa a bakin rijiya ba.

Shi Tahiru fentin ƙofofin shaguna yake yi in an samu. Yana son Habsatu, ita ma tana son shi, amma uwarta Inna Kubra ta ce ba da yawunta za a ba da ɗiyarta ga wanda in an tambayi sana'arsa sai kowa ya dubi ƙasa ba. Ana cikin haka sai rediyo ta ce za a yi nunin fasahar zamani a garin Gidan Rumji, kuma abin da ake nema shi ne abin da ba a taɓa yi ba. Tahiru ya ce to, ga sana'a mai suna ta zo.

Mataki na 1: Kada ka yi abin da ake ganewa

In ka zana raƙumi, kowa ya san raƙumi, har yaro zai ce maka wuyan ya yi gajere. Amma abin da ba wanda ya san ko mene ne, ba mai cewa ka yi shi ba daidai ba. Tahiru ya fara da zanen saniya, wani makiyayi ya tsaya ya tambaye shi ko ciwo take yi. Daga ranar ya bar dabbobi su huta.

Mataki na 2: Nemi kayan aiki a cikin gida

Kada ka je nesa. Sabon abu yakan kwana ƙarƙashin gadon tsohuwarka.

An yi suna a gidan su Tahiru, maƙwabta suka kawo abinci a langa da samira da kwanon sha. Innarsa Fati ta wanke su, ta zuba a buhu, da niyyar in ta huta ta mayar wa kowa nasa. Tahiru ya ja buhun zuwa bayan rumbu, ya samo tsohon ƙyaure, ya kife kwanukan a kai, ya bi kowanne da ƙusa a tsakiya. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga gindin kowane kwano da ɗan zane na jan farce ko fenti: wani ɗigo uku, wani kara a gicciye, wani kamar sawun tsuntsu. Abin ya yi masa kyau ƙwarai. Shi namiji ne, tuwo kawai yake sani a cikin kwano, bai taɓa juya shi ya tambayi dalilin zanen ba. Kai ma kada ka tambaya.

Mataki na 3: Ɗinka wa aikin nazariyya

Nazariyya ita ce dogon bayanin da ake tsayar da shi kusa da aiki, don mai kallo ya ji kunyar cewa bai gane ba. Ba ta da wuyar haɗawa. Ka sa yunwa, ka sa zamani, ka sa kakanni, ka yi magana a hankali kana kallon nesa. Sai dai ka fara gwada ta a kan wanda ke son ka. Tahiru ya gwada tasa wajen zance, da la'asar.

"Kwano a kife, cikin ɗan Adam ne da ya juya wa duniya baya," in ji shi.

Habsatu ta ce, "To in an kife shi, a ina za a zuba miya?"

"Ba a zubawa. Shi ne ma'anar."

"Wato ma'anar ita ce a kwana da yunwa."

"Kin fara ganewa."

"Allah ya sa Inna ta gane, don ni na gaji da ba ta haƙuri a kanka."

Mataki na 4: In ana cigiya, kai mai tunani ne

Za a nemi kayan. Inna Kubra ta aiko a karɓo mata langarta mai ruwan ganye, wadda ta zo da ita tun kayan ɗakinta. Inna Fati ta duba ƙarƙashin gado, ba buhu. Ta aika cewa ba ta gani ba. Inna Kubra ta aiko cewa langa dai ba ta da ƙafa. Daga nan gaisuwar rijiya ta koma ɗaga kai.

Tahiru yana ji, amma ya ce a ransa in ya dawo da takardar yabo duk za a manta. Mai fasaha ba ya sa baki a zancen kwanuka.

Mataki na 5: Ranar nuni, ka ce daga cikinka ya fito

Tsaya gefen aikin, ka harɗe hannu, kada ka yi murmushi. Alƙalin nunin wani Mushe Bashir ne daga Yamai (Mushe, wato Malam a bakin 'yan Faransanci), mutum mai fara'a da son aikinsa. Ya daɗe gaban ƙyauren, ya sunkuya, ya kai yatsa kusa da ɗigo ukun nan ja.

"Waɗannan alamun su suka kama ni. Kowanne da hannunsa daban, kamar mutane da yawa ne ke magana. Daga ina suka zo maka?"

Tahiru ya kalli nesa ya ce, "Daga cikina, Mushe."

Abu ɗaya ne ban gaya maka ba, don shi ma ba a gaya masa ba: ka bincika ko ranar nunin ta faɗo ranar kasuwa. Ta faɗo. Matan Cadakori sun sayar da gyaɗarsu, sun ji ana kiɗa a wurin nunin, kuma shiga kyauta ce.

Mataki na 6: In masu kaya suka iso, ka gyaɗa kai

Wata Zahra'u ce ta fara cewa, "Ke, wancan sawun tsuntsun ba na samirata ba ne?" Kowace mace tana yi wa kwanonta alama a gindi don ya dawo gida bayan biki, ga shi Tahiru ya jera musu alamun a fili kamar mai taimakon cigiya. Kafin a ce wani abu an aro filaya wajen mai gyaran keke, ana ta zare ƙusa.

Inna Kubra ta ɗaga langarta sama, hasken rana ya biyo ta hudar ya sauka mata a goshi. Ba ta dubi Tahiru ba, don mai neman ɗiyarta ne. Mushe ta duba.

"Malam, me aka ce yaron nan ya ƙirƙiro?"

"Sabon aiki ne, Hajiya, ba a taɓa yin irinsa ba."

"Langa tawa, jan farce nawa, ƙyauren na uwarsa. Hudar ce kaɗai tasa."

Mushe Bashir ya yi ta ɗaukar hoto, murna ta cika shi. Ya ce wannan shi ne aikin da jama'a ke ƙarasawa da hannunsu, ya tambayi Tahiru ko da gangan ya shirya haka. Tahiru ya gyaɗa kai. Ƙyaure tsirara mai ramukan ƙusa shi ya ci takardar yabo.

Mataki na 7: Kai takardar gidan surukai

Tahiru ya fara durƙusawa gaban innarsa, wadda ta ɗauki mayafi ta je ta wanke kanta wajen Inna Kubra. Sannan ya sa rigarsa mai kyau ya tafi da takarda a hannu. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Can sai ga Habsatu da fura, a cikin langar nan mai ruwan ganye, ta toshe gindin da yatsa.

"Karɓi da kyau, aikinka na zuba," ta ce.

Ya sa yatsansa inda ta cire nata. Ba halin ajiyewa, ba halin miƙa takarda, fura na bin hannun riga. Daga bayan zana muryar Inna Kubra ta fito:

"Ku gaya masa ya turo manyansa. Amma langata ta riga su zuwa, a like. Da ta Zahra'u, da ta kowa."

Haka Tahiru ya je ya zauna wajen mai gyaran kwano a kasuwa, ya koyi liki da dalma, ya bi hudojinsa ɗaya bayan ɗaya yana toshewa. Hannunsa ya faɗa, har daga garin Cadawa ake kawo masa. Yanzu in an tambayi Inna Kubra sana'ar surukinta, ba ta duban ƙasa. "Mai liki ne," take cewa. Takardar yabon tana shagon, a kanta yake ɗora dalma.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da langar da ta huje, ko gaisuwar da ta yanke, ko furar da ta ɓata riga. In ka bi matakan nan aka biyo ka da muciya, nazariyyarka ce ba ta yi tsawo ba. Kuma in tsohuwarka ta zo tana tambayar wanda ya ba ka shawara, ka kalli nesa ka ce daga cikinka ta fito.