Sarkin Totur a Kasuwar Kusada

Tsoro ya fara kama Amiru ne daidai lokacin da kawunsa ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Kuma ai bai kamata ya ji tsoro ba. Wanda ya dafa shi Malam Gajere ne, mai saya wa kamfani gyaɗa, mutumin da ya mallaki mota a Kankia alhali ba shi da rawani, ba shi da jar fata. Ya saye ta hannun wani Bature da zai koma gida, kuma Baturen, don tsananin ƙauna, ya rabu da ita yana murmushi har kunne. Tun daga ranar Gajere ya zama masanin inji. Bai yi boko ba, bai zauna gareji ba, ilmin ya sauko masa ne tare da makulli. Ko alwala zai yi, da tabaran direbobi yake fita. Mutanen gari suka naɗa shi Sarkin Totur, ya karɓi sarautar hannu biyu, don ba wanda ya gaya masa ba'a ce.

Amiru ɗan ƙanwarsa ne. Ya gama Midil, an kira shi ya bayyana gaban Baturen Ilmi a Katsina kafin la'asar ta wannan rana, a duba ko zai sami gurbi a kwalejin Zariya. Wanda bai zo ba sai baɗi, in ma akwai baɗin. Har ya ɗora akwatinsa a babbar motar da ke tashi da hantsi, kawu ya sa aka sauke.

"Jinina bisa buhun gyaɗa, ina raye? Ni zan kai ka har ƙohwar Bature. Sai dai mu leƙa Kusada tukuna, yau kasuwa ke ci, mutane sun daɗe suna marmarin ganinta."

Kusada ba a hanyar Katsina take ba. Amiru ya sani. Amma ba a gyara wa kawu hanya.

Suka shiga kasuwa da ham, jakuna suka watse, kaji suka haye rumfuna. Gajere ya tsaya ƙarƙashin tsamiya, ya kashe inji, ya fito yana gaisawa kamar Razdan ya zo rangadi. To, a Kusada ba a taɓa sabon abu kafin manya su sa albarka, Gajere kuwa mutum ne mai ladabi. Ya buɗe ƙofar direba, ya roƙi Liman ya zauna ya taka totur, wato abin da ake takawa mota ta sha fetur.

Liman ya tuɓe takalmi, ya yi bismilla, ya taka, ya ƙara, ya cike na uku. Labaran Sarkin Kasuwa ya ga kasuwar tasa ce, bai kamata takunsa ya gaza na kowa ba. Bubayero Sarkin Pawa, mai ƙafa kamar akushi, ya yi ta taka shi kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Har Iyatu mai fura aka girmama, ta ce ita ba ta sa wa dukiyar mutane ƙafa, ta durƙusa ta yi ta dannawa da hannu.

Amiru yana tsaye yana kallon inuwar tsamiya tana tsukewa.

Da aka gama sa albarka, Sarkin Totur ya zauna ya murɗa makulli. Mota ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta sake tari. Warin fetur ya tashi har ya danne na daddawa.

"Kunya ta kai," in ji Gajere, ko a jikinsa. "Ku da ba ku san inji ba, ku saurara. Mota baƙuwa ce daga ƙasar Turai. Baƙuwa in ta ture kwano, ƙara mata akai. Ni ba a kwana da yunwa gidana, balle ita."

Ya ja cok, mai ƙara wa inji fetur, har ƙarshe, abin da ko da sanyin asuba kaɗan ake ja. Ya ɗaga murfin inji, ya ari ludayin Iyatu, ya ɗura fetur a bakin kafireto, maƙogwaron inji, kamar mai yi wa jinjiri ɗure.

Amiru ya matso, ya rage murya. "Kawu, ko mu ɗan ƙyale ta ta huta? Kamar ya yi mata yawa."

"Yawa? A Midil ɗin taku akwai mota? Ku da aka koya wa sunayen kogunan Ingila. Koma inuwa, kada rana ta ɓata maka kaki."

Batir ya mutu. Aka sa majiya ƙarfi suka yi ta juya ƙarfen tayar da inji ta gaba, har wani ya gurɗe hannu. Aka tura ta, ta zagaya kasuwa, daga 'yan hatsi zuwa 'yan tumaki, yara na waƙa a baya, Gajere na ciki yana taka totur ba ƙaƙƙautawa. Ya kwance fulogi ɗaya, ya same shi jiƙe sharkaf, ya ɗaga wa jama'a.

"Kun gani? Gumi ne. Tana ƙoƙari."

Ya mayar da shi yadda yake.

Abin da ya ceci motar shi ne kiran azahar. Kowa ya nufi masallaci, daga nan gidan Sarkin Kasuwa cin tuwo, aka bar ta a rana murfi a buɗe, ba mai taka ta, ba mai ɗura mata. Amiru ya yi salla bai san me ya karanta ba.

Da aka dawo, juyi ɗaya Bubayero ya yi wa ƙarfen, ta yi atishawa, ta fesa baƙin hayaƙi, ta kama ruri. Mata suka rangaɗa guɗa. Amiru ya faɗa ciki ya rungume akwatinsa. In aka tashi yanzu, aka bi hanya ba tsayawa, ana iya riskar Bature kafin ya rufe ofis.

Gajere ya hau matakalar mota ya ɗaga hannu. "Mi na ce maku? Yunwa ce. Da na biye wa 'yan boko..."

Ya lura mutanen baya ba sa jin sa saboda ƙarar inji. Ya miƙa hannu ya kashe ta.

Yana cikin jawabi sai ga wakilin dagaci ya iso, yana ƙorafin an sa albarka ɗazu ba da shi ba. Wannan abin kunya ne, aka gyara nan take. Liman ya ga an taka bayansa, ya sake tuɓe takalmi. Sarkin Kasuwa ya bi layi. Iyatu ta durƙusa.

Da warin fetur ya sake tashi, Amiru ya sauko da akwatinsa. Ya ari keke ya koma Kankia, ya kama motar yamma, a kan buhunan gyaɗa. Washegari ya tarar da ofis a rufe. Masinja ya ce Bature ya fita rangadi, amma zai gaya masa akwai wani yaro da mota ta ƙi tashi da shi.

Ita kuwa motar, shanun huɗa ne suka ja ta zuwa Kankia, Gajere na zaune a sitiyari da tabarau yana danna ham. Yanzu haka yana gaya wa duk mai kunne cewa daga Kusada har gida ko ɗigon fetur ba ta sha ba, kuma ko Baturen da ya ƙera ta bai taɓa yin haka ba.

Ya kuma yi alkawari gaban mahaifiyar Amiru cewa ranar da aka ce an ɗauki yaron, shi da kansa zai kai shi Zariya. Amsar ba ta zo ba tukuna, Amiru kuma bai san wadda zai roƙa ba.